Uban yana Diffa, ɗan yana fada

Inna, assalamu alaikum. Ni matar soja ce, ina zaune gidan haya a Sabon Gari, nan Damagaram. Shekara biyu ke nan da aka maido maigidana daga Tawa, kuma ba mu fi wata 8 da zuwa ba aka tura su wajen Diffa. Tun lokacin sau biyu ya zo hutu. Dangina duk suna Madawa, nan ba ni da kowa sai Allah sai maƙwabta. Ƴaƴanmu huɗu. Babban shekararsa 14, yana aji biyu na kwaleji, shi ne ya hana ni barci. Da safe zai saɓa jaka ya fita, ashe ba kullum yake isa lekol ba. Da dare yana fada, wurin hirar samari da shan shayi, har sha ɗaya, wani lokaci ya dawo da jikka ɗaya ko biyu, ya ce abokinsa ne ya ba shi babur ya yi kabu-kabu. In na yi magana sai ya sunkuyar da kai, gobe ya koma. Mai bi masa mace ce, shekara 11, tana CM2, ita ba ta da matsala, ita ke riƙe mini ƙananan biyu, mai shekara 5 da auta mai shekara 2, ranakun da nake kai alkaki Kasuwar Dole, kwana uku a mako. Wan maigidana ya ce in tura masa yaron ƙauye ya gyara shi, ko kuwa a nema masa makarantar soja tunda ubansa soja ne. Har yanzu ban gaya wa maigidana komai ba, don ba na son in tayar masa da hankali yana bakin daga. In ya kira sai in ce lafiya lau. Inna, in tura yaron? In gaya wa uban? Kuma da gaske ne akwai wani taimako da ake yi wa iyalin soja, ko zance ne kawai?

Matar soja, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya tsare maigidanki da waɗanda suke tare, Ya maido su cikin iyalinsu lafiya. Sannu da riƙon gida.

Tambaya uku kika yi mini, kuma duk zan amsa. Amma bari in fara da wadda ba ki yi ba. Na karanta wasiƙarki sau uku, na ga yaron ya cinye kusan rabinta, yarinyar kuwa kalma huɗu kika ba ta, wai ba ta da matsala. Na yi shekaru ina riƙe da alli a firamare kafin in yi ritaya, kuma wannan maganar na san ta sarai. Kusan duk yarinyar da ta ɓace mini daga aji, haka uwarta ta faɗa a kanta.

Mu yi lissafi tare. Lekol kwana biyar ne a mako. Ko da ɗaya daga cikin ranakun kasuwarki ya faɗa Asabar, to kwana biyu cikin biyar ɗiyarki ba ta aji. In kuma duk ukun ranakun karatu ne, to ta fi zama gida a kan zuwa makaranta. Kuma a wace shekara? CM2, ajin ƙarshe na firamare, wanda daga shi ake tsallakawa kwaleji. A shekarar nan ake ɗaure duk abin da aka koya tun CI, ajin farko, lissafin rabawa, ma'auni, rubutun shifta, amsa tambaya da faransanci. Darasin Talata a kan na Litinin yake hawa. Yarinya mai ƙoƙari za ta ari kaye wajen ƙawarta ta kwafa, wata ɗaya ko biyu ba wanda zai lura. Sai wata rana mushe, malamin ajinsu, ya kira ta allo ta kasa, ƴan aji su yi dariya, daga nan ita da kanta za ta fara cewa Mama bari in zauna da auta. Ke kuma ki ce Allah Ya yi mata albarka, yarinya mai tausayin uwa. Haka abin yake tafiya, ba faɗa ba hayaniya. Yaron da ke dawowa sha ɗaya kowa a unguwa ya san da shi, har wan uba ya ji daga ƙauye. Ita kuwa ba wanda zai aiko da shawara a kanta, sai ranar da wani ya aiko neman aurenta.

Ba laifinki nake gani ba. Mace ɗaya, ƴaƴa huɗu, haya, kuɗin ga-ruwa, dangi a Madawa, dole hannu ya kai ga wanda ya fi kusa. Amma tun Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace, kuma ko ba doka, ke kanki kin san ba don raino kuka sa ta lekol ba. Akwai kuma wani abu da nake son ki ɗauka da gaske. Gidajenmu na Damagaram, saboda wahalar ruwa, ba ka rasa duro ko baho ko bokiti a cike a tsakar gida. Yaro mai shekara biyu kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa, ba ya iya ɗagowa kuma ba ya yin ƙara. Ga murhu, ga man suya in kin bar shi bai huce ba. Ɗora wa ƴar shekara 11 tsaron rayuka biyu tun safe har azahar kaya ne da ya fi wuyanta, kuma in Allah Ya kawo tsautsayi ita za ta rayu da shi.

To wa zai riƙe su? Mai shekara 5 ba raino yake buƙata ba, lokacin makarantar yara ne ya yi, wadda ake ce wa jardan. Akwai na gwamnati, wasu a jikin makarantun firamare suke, akwai masu zaman kansu. Ki tambayi daraktan lekol ɗin ɗiyarki wanda ya fi kusa da ku da abin da ake biya. Ki yi yanzu, kada ki jira Oktoba ta zagayo, don ko ba a karɓe shi a tsakiyar shekara ba sunansa zai shiga takarda. Kafin nan makarantar allo ta safe ta fi zaman gida. Saura auta ke nan, kuma neman mai riƙon yaro ɗaya ya fi sauƙi a kan biyu.

Kin ce ba ki da kowa. Ɗiyata, ba maigidanki kaɗai aka ɗora a motar nan ba. Kowane soja da suka tafi tare ya bar wata a baya, wasu cikin barikin Tanimun, wasu gidajen haya irin naki. Ki nemo biyu ko uku masu ƙananan yara, ku yi abin da mata suka iya tun fil azal, wato adashe, sai dai zubin ba kuɗi ba ne, yini ne. Yau ƴaƴa suna gidan wance, gobe gidanki. Sai dai adashen yara ya fi na kuɗi saurin ɓata zumunci, don haka ku yi magana a fili tun ranar farko. Kowace uwa ta haɗo ɗanta da abincinsa da ruwansa, kada a bar wa mai gida nauyin ciyarwa. Yaron da ya tashi da zazzaɓi ko gudawa ya zauna wajen uwarsa. Ba mai dukan ɗan wata. Wadda kwana ya faɗo mata ba ta fita ta bar wa ƴarta, in ba haka ba kun kwashe kayan daga kan ɗiyarki kun aza wa ɗiyar wata. Kuma a rufe duk wani mazubin ruwa. In hakan bai samu ba, ki duba cikin maƙwabta, ba a rasa tsohuwa mai tsabta da haƙuri wadda ɗan abin goro a ƙarshen wata zai yi mata amfani. Ki yanka mata abu sananne, kada ki bar shi a matsayin alfarma, alfarma tana gajiya.

Ki kuma sake duba sana'ar. Alkaki ba kunu ba ne da zai lalace in ya kwana. Me zai hana ki riƙe ranar Alhamis, da kasuwa ta fi cika, sauran ki bayar sari ga masu tebur na tasha da masu shago? Ribar kowane ɗaya za ta ragu, na sani, amma kin sayi kwana biyu na karatun ɗiyarki da ita. Abu ɗaya kawai, kada a ce tunda ta daina raino bari ta ɗauki faranti bayan an tashi lekol.

Tunda muna kan ƙananan, kada ki manta tun 2006 ƙa'ida ita ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitar gwamnati, ko da yake wani lokaci za a rubuta miki magani ki saya a waje. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata. In ranar ta faɗa auta tana gidan wata, ki bar katinta a can.

Yanzu maganar maigidanki. Ki gaya masa, cikin makon nan.

Na san niyyarki mai kyau ce. Tun da aka fara kai hari Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, matan soja nan garin suka koyi haɗiye magana, kowace tana tsoron kada damuwar gida ta raba wa mijinta hankali a inda ake buƙatar hankalin. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wansa ya riga ya sani. Abin da wa ya sani kuwa, ƙane yana dab da ji, kuma zai ji shi da gishirin da ba ke kika sa ba. Ranar nan ba yaron zai tambaya ba, ke zai tambaya, me ya sa kullum kike ce mini lafiya lau? Daga nan duk lafiya lau ɗin da kika faɗa ba zai ƙara yarda da ita ba, ko da gaskiya ce. Wannan ne zai hana shi barci, ba labarin fada ba.

Yadda za ki faɗa ne abin lura. Ki bari sai ya kira da kansa yana cikin natsuwa, ki tambaye shi ko yana da lokaci. Ki fara da cewa ba ciwo ba ne, ba rasuwa ba ce, kowa yana lafiya. Sannan ki faɗi abin da ya faru a gajarce, ki faɗi abin da kika riga kika yi, ki faɗi abin da kike so daga gare shi. Soja ya saba da rahoto, matsala mai kai da gindi ba ta firgita shi, kukan da ba a san farkonsa ba ne ke firgita shi. Kuma ki roƙe shi abu guda tun kafin ya nemi yaron, kada kiran farko ya zama na zagi da alkawarin duka in ya zo hutu. Uban da ke nesa da kilomita fiye da 450 in ya yi barazana, yaro ya san ba ta iso shi yau, sai dai ya koyi ƙin ɗaukar salula.

Ina da wani zato, ki duba ko na yi daidai. Ranar da za su tafi, bai dafa kafaɗar yaron ya ce masa kai ne namijin gidan, ka kula da mamarka da ƙannenka ba? Kusan duk uba haka yake faɗa, don ƙarfafa zuciya. Amma yaro ɗan shekara 12 ko 13 da gaske yake ɗauka. A idonsa namijin gida shi ne mai fita ya dawo da kuɗi, ba mai zama yana haddar darasi ba. Shi ya sa nake son ki lura da inda jikkar nan take zuwa. In ya taɓa miƙo miki ita, ko ya sayo wa ƙannensa wani abu, to ba lalacewa ya yi ba, umarnin ubansa yake bi yadda ya gane shi. Kuma wanda ya ɗora kayan shi ke iya saukewa. Uban ya ce masa da bakinsa, ni ne maigida ko ina Diffa, cefane nawa ne, aikinka lekol, kuma ni za ka riƙa kawo wa rahoto. Su tsayar da rana ɗaya a mako. In rezo ya ƙi, saƙon murya ta WhatsApp yana jira har ya samu. Yaron ya ɗauki hoton makinsa ya tura, yarinyar ta karanta masa shafi ɗaya da murya. Minti biyar ya isa, muddin ba ya tsallake mako. Ku kuma kada ku tambaye shi inda suke ko yaushe za su motsa, kuma yaron ya san ba a sa hoton uba da kaki a Facebook ana faɗin wurinsa.

Sai wani abu da ya shafe ki ke kanki. Na lura ko sau ɗaya ba ki ce ɗana ba, babban kika ce, yaron kika ce. Kunyar ɗan fari ce, ni ma da ita na tashi, kuma ba na raina ta. Amma al'adar nan an gina ta ne a gidan da ke da kaka da goggo da baffa, waɗanda ke jan ɗan fari a jiki su yi masa hirar da uwa ba ta yi. Ke kina gidan haya a garin da ba naku ba. Uba ba ya nan, kaka tana Madawa, uwa tana kunya. To wa ke magana da yaron nan in ba faɗa ba? Ƴan fada. Su ke tambayarsa ya ya kwana, su ke miƙa masa kofin shayi, su ke saurarensa. Ba na ce ki kama kiran sunansa a tsakar gida ba. Amma ki zauna da shi bayan isha'i, ƙannensa sun yi barci, kina murza alkaki yana taya ki, ki tambaye shi wane darasi ne ya fi ba shi wuya, wane mushe yake tsoro, me ake cewa a fada game da Diffa. Ki yi shiru ki ji. Yaran soja da na koyar da yawansu suna ɗauke da tsoron da ba su faɗa wa kowa ba. Su ma suna ganin abin da ke yawo a salula, su ma suna ƙirga kwanakin da uba bai kira ba. Wani yana kai dare a waje ne don kada ya kwanta ya yi tunani.

Fada ita kanta ba abin tsoro ba ce. Damagaram duka fada ce, har malamai da ma'aikata suna da tasu. Abin tambaya shi ne wace fada, su wa ke cikinta, shekarunsu nawa, wa ke sayen shayin. Fadar ƴan lekol sa'anninsa a ƙofar gidan da kika san iyayen daban take da ta manyan samari da ke aiken yara, daban take kuma da abin da ake kira pale, inda ƙarfi da makami ke ba mutum suna. Ki sa wani dattijo ya bi ta wurin ya gano miki. Ki kuma sa ido a jikinsa ba tare da kin tuhume shi ba. In cin abincinsa ya ragu ƙwarai, barcinsa ya birkice, yana yawan susa da gumi, ko ya taɓa faɗuwa kamar mai farfaɗiya, to a yi tunanin tramol, kuma wannan aikin likita ne, ba na bulala ba. In ba ko ɗaya, ki gode wa Allah, kada ki ɗora masa zargin da bai yi ba.

Babur kuwa ba sassauci a kansa. Shekara 14, ba lasisi, yana goya mutane a titi. In ya karye ke ce a gadon asibiti, in ya karya wani albashin uban ne zai tafi. A samu mai babur ɗin a gaya masa cikin mutunci cewa uban yaron ya hana.

Gobe ki sa mayafinki ki je kwalejin. Kada ki aika, kada ki jira a kira ki. Ki nemi surbeyan, mai riƙe da rajistar fashi, ki ce ya nuna miki kwanakin da yaron bai zo ba da darussan da yake gudu. Sau da yawa za ki tarar ba lekol duka yake gudu ba, awa ɗaya ce ko biyu, lissafi ko turanci, inda ya ɓace tun sauyin makaranta daga Tawa bai sake kamo zaren ba. Yaran da ake yi wa iyayensu sauyin wurin aiki suna yawan faɗawa wannan ramin, littafi ɗaya ne a ƙasa duka, amma inda wannan mushe ya tsaya ba nan wancan ya kai ba. Ki tambayi makinsa. Da 10 cikin 20 ake wucewa, in yana kusa da nan ana iya ceto shekarar. Ki bar lambarki, ki ce ranar da bai zo ba a kira ki ranar, ba ƙarshen wata ba. Ki gaya musu ubansa yana bakin daga, ba don neman tausayi ba, don su san da wa za su yi magana. In akwai hali, ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke unguwarku zai iya zama da shi sau biyu a mako a kan kuɗi kaɗan, kuma yaro ya fi jin maganar wanda ya girme shi da shekara bakwai a kan ta uwarsa.

Ba a raba yaro da fada a bar shi da bango. Da can samariya ke ɗebe wa unguwa wannan aikin, yanzu sai uwa ta nema da ƙafarta. Ƙungiyar ƙwallo mai koci tsayayye, ƴan sikawut, wasan kwaikwayo a gidan matasa da al'adu na Abdu Salam Adam, makarantar dare tsakanin magariba da isha'i, ko ranar Asabar wajen wani mai sana'a da kuka yarda da shi, ba duka ba, ɗaya ko biyu da shi ya zaɓa. Abin da nake nema a ciki shi ne babban namiji da zai lura in bai zo ba. In kuma an kai ƙarshen shekara an ga lallai boko ba ta karɓe shi ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM, inda ake koyon walda, kafinta, ɗinki, gyaran babur, a fita da takarda. Ba faɗuwa ba ce. Amma kada a yi gaggawar kai shi can, shekara biyu da ƴan watanni suka rage masa ya zauna BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji.

Makarantar soja da wan maigidanki ya ambata tana nan, a Yamai take, an buɗe ta a 1996. Sai dai ba gidan gyaran hali ba ce, kuma zama ɗan soja ba ya buɗe ƙofarta. Da jarrabawa ake shiga, daga ƙarshen firamare, ana tace masu maki mai kyau da ƙoshin lafiya, kuma ana duba shekaru. Yaro mai shekara 14 a aji biyu na kwaleji ya riga ya wuce wannan mashigar. Ki ajiye zancen, watakila ya yi wa ƙanensa amfani nan gaba.

Tura shi ƙauye kuma ban goyi baya ba, a yanzu dai. Akwai kwaleji a can? In babu, to an yanke karatun ke nan da sunan gyara. Kuma yaron da ubansa ya tafi, in uwarsa ma ta tura shi, abin da zai ji shi ne an kore shi. Amma kada ki ce wa wan mijinki a'a da bakinki, ba hurumin ki ba ne, kuma za ki buƙace shi gobe. Ki gode masa, ki ce magana tana hannun ƙanensa. Maigidanki ne zai ce masa, Yaya, a bar shi ya ƙarasa shekara, in an yi babban hutu ya zo ya taya ka noma. Damina guda a gona wajen baffansa alheri ce, in an tura shi a matsayin ɗa ba mai laifi ba.

Tambayarki ta ƙarshe, ko akwai taimako. Akwai, amma ba ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan haya. A rundunar sojanmu, lafiya da jin daɗin iyali a ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, don haka ƙofar da ta fi miki sauƙi ita ce likitar bariki. Ki je ki ce kina neman mai kula da aksiyon sosiyal, wato jin daɗin iyali. Kafin nan maigidanki ya ba ki sunan wanda aka bari a ofishin kamfaninsu, sau da yawa wani lajidan ne, ya kuma kira shi ya ce matata tana zuwa. A gidan soja ana son magana ta bi ta hanyarta, in kika tsallake mijinki kika je kai tsaye kina iya jawo masa magana. In za ki iya, ku je ku biyu da wata matar soja da ta daɗe a garin.

Ki tafi da takardu, asali a jaka, kwafi a hannu, kuma kada ki bar wa kowa asalin. Takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, shaidar lekol ta manyan biyu, lambar aikin maigidanki. Ki tabbatar duk ƴaƴa huɗun suna cikin fayil ɗinsa, musamman auta, da aka haifa daidai lokacin ƙaurarku. Yaron da aka haifa ana tsakiyar ɗaure kaya shi aka fi mantawa, kuma wanda ba a rubuta ba, ba kuɗin ƴaƴa a kansa, ba ya cikin asusun taimakon juna na sojoji, mutuwel. In takardar haihuwar wani ta ɓata a ƙaura, ko ba a yi ta a kan lokaci ba, sai an bi ta wajen alƙali, kuma gara yanzu, don ɗiyarki ba za ta shiga kwaleji ba sai da tata. Sannan ki yi tambayoyi masu kai. Wane magani mutuwel ke biya kuma kashi nawa? Akwai jardan ko makaranta da ƴaƴan bariki ke zuwa, kuma na waje suna da wuri? Ana ba da wani tallafin kayan karatu lokacin komawa lekol, kuma yaushe ake rubuta suna? Matan sojoji suna da ƙungiya, wa ke shugabanta? Abin da aka ce akwai, ki tambayi wata da rana. Abin da aka ce babu, kin huta da jiransa. Wanda kuma ya ce ki ba shi wani abu ya shigar miki da takarda, ko ya ce ki same shi a wani wuri ba ofis ba, ki tashi, ki gaya wa maigidanki.

Akwai abin da ba na son faɗa amma sai na faɗa. Hukuma ta kafa wakafi don magadan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. Allah Ya sa kada ki taɓa sanin ƙofar ofishin. Amma matan da suka sha wuya bayan irin wannan rana, da yawa ba rashin haƙƙi ya wahalar da su ba, rashin takardar aure ne, aure an ɗaura shi a masallaci ba a taɓa kai shi lameri, ofishin magajin gari, ba. In naku haka yake, hutun da zai zo nan gaba ku fara da wannan kafin ziyarar dangi. A wannan zuwan kuma ya shiga banki ya sa a riƙa yanko miki wani kaso sananne duk wata, don kada haya da kuɗin jardan su dogara da ranar da ya samu rezo ko ya kai ga Nita, masu aika kuɗi.

Ki fara da na kusa. Daren yau ki kira ɗiyarki ki gaya mata daga Litinin ba ta ƙara fashi, ki je ki ga mushenta ki ce ya nuna miki abin da ya wuce ta. In Litinin ta zo ba ki samu mai riƙon auta ba, ki goya ta ku tafi Dole tare.